Ɗegel: Ƙasarta da Tarihinta

Darasi domin Hakimai da Malamansu

1. Manufar Wannan Darasi

Babu hakimin da bai san sunayen ƙauyukan ƙasarsa ba, da dagatansu, da masu unguwanninsu. Amma in aka tambayi dalilin da ya sa aka kafa ƙauye kaza a gurbin da yake, ko wanda ya fara sare dajinsa, ko abin da ya tashi mutanen kufan da ke gefensa, sau da yawa sai a ce sai an nemo tsofaffi. Tsofaffin kuwa kowace shekara raguwa suke yi, abin da ke cikin kansu kuma tare da su ake binne shi. Ranar da rigimar iyaka ta taso, ko ta burtali, ko ta gadon gona, sai a rasa shaidar da za a dogara da ita.

Saboda haka aka shirya wannan darasi, domin a nuna yadda ake nazarin ƙaramin ƙauye, a san ƙasarsa, a san tarihinsa, a kuma ga yadda ɗaya ke bayyana ɗaya. An zaɓi Ɗegel ta ƙasar Sakkwato ta zama misali. Ƙauye ne na manoma da makiyaya, bai taɓa zama birni ko gidan sarauta ba, amma a cikinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi, daga cikinsa kuma ya yi hijira a shekarar 1804. Wanda ya karanta labarinta da natsuwa zai sami awon da zai auna kowane ƙauye na gundumarsa da shi.

2. Inda Ɗegel Take

Ɗegel, wadda Hausawa da yawa ke cewa Ɗagel, tana cikin Ƙaramar Hukumar Gwadabawa, a Jihar Sakkwato. Tana kusa da garin Cimmola, gabas da Gwadabawa, ita kuwa Gwadabawa tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Illela da Birnin Ƙonni. Ta kudu akwai kwarin gulbin Rima, a hayinsa kuma garin Wurno yake. Ta arewa ƙasa ta miƙe zuwa iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Can gabas, kimanin mil 60, watau wajen kilomita 100, kufan Alkalawa yake, tsohon birnin sarakunan Gobir, cikin ƙasar Sabon Birni ta yanzu.

A lura da wannan wuri da kyau, gama rabin tarihin Ɗegel yana cikinsa. A ƙarni na 18 tana ƙarƙashin mulkin Gobir, amma a gefen ƙasar take, nesa da fada. Kudu maso yamma da ita ƙasar Kabi ce, arewa Ƙonni da Adar, kudu maso gabas kuwa Zamfara. Fulani makiyaya suna ratsa ta da dabbobinsu, Buzaye suna saukowa daga Adar da Azbin da raƙumansu, manoma Hausawa kuma suna zaune kewaye da ita. Mai zama a Ɗegel yana jin labarin ƙasashe huɗu ba tare da ya bar ƙofar gidansa ba.

3. Tudu da Fadama

Ƙasar wannan yanki iri biyu ce, tudu da fadama, kowace da halinta.

Tudu galibinsa jigawa ne, watau rairayi mai sauƙin noma, wanda ruwa ke nutsewa cikinsa da sauri, amma ba ya riƙe taki da daɗewa. Nan da can akwai tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, marmara ta rufe samansu, gefensu kuma ruwan sama ya tsattsage ya yi kwazazzabai. Akwai kuma fako, inda iska da ruwa suka kwashe ƙasar sama suka bar tauri, ko ciyawa ba ta tsirowa sai an farfasa an zuba taki.

Masana duwatsu sun tabbatar da cewa a zamanin da can, shekaru miliyoyi da suka wuce, teku ce ta rufe wannan sashe na ƙasar Sakkwato. Shaidar haka ita ce dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, da kuma ƙasusuwan dabbobin ruwa da suka zama dutse, waɗanda aka tono a tsaunukan wannan kwari, har aka sa wa wata daga cikin dabbobin sunan garin Goronyo. Amfanin sanin wannan ga hakimi shi ne, duwatsun ƙarƙashin ƙasar nan hawa hawa suke, wani hawan yana riƙe ruwa, wani ba ya riƙewa. Shi ya sa rijiyar wani ƙauye kan yi gaba kaɗan a sami ruwa, ta wani kuwa a yi ta haƙa ana shan wuya.

Fadama ita ce kwarin Rima. Gulbin Rima yana tara ruwansa daga Gulbin Maraɗi da Bunsuru da Gagare, ya biyo ta Sabon Birni da Goronyo da Wurno, ya haɗu da gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan su gangara ta Argungu da Birnin Kebbi su faɗa Kwara. Ƙasar fadama laka ce, baƙa, mai nauyi. Da damina ruwa kan malale ta ya bar mata sabuwar laka, da rani kuma ruwa na nan kusa a ƙarƙashinta, ga tafkuna da ke daɗewa ba su ƙafe ba. Ƙauyen da ke da tudu a bayansa da fadama a gabansa yana da rumbu biyu, in ɗaya ya gaza ɗaya ya rufa asiri.

4. Ruwan Sama da Lokutan Shekara

Ruwan da kan sauka a wannan yanki a shekara yana tsakanin milimita 500 da 700, watau inci 20 zuwa 28, kusan dukansa kuwa cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Marka takan yi a Agusta. Daga Oktoba kaka ta shigo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, iskar arewa maso gabas tana kaɗawa da ƙura da sanyi. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi kan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, rijiyoyi su ja baya, dabbobi su rame.

Abin da ya fi damun manomi a nan shi ne rashin tabbacin ruwan. Wata shekara yakan sauka da wuri ya ɗauke bayan shuka ta tsiro, sai an sake shuka sau biyu ko sau uku. Wata shekara ya yanke tun gero bai gama ido ba. An sha yunwa mai tsanani a 1913 da 1914, an sha fari daga 1972 zuwa 1974, aka kuma sha wani a 1984. Duk ƙauyen da ke arewacin ƙasar Hausa yana da sunan da ya sa wa waɗannan shekaru, da su kuma tsofaffi ke lissafin haihuwa da aure da ƙaura. Malamin da ya rubuta sunayen nan, ya sa shekarar kowane a gefensa, ya sami mabuɗin lissafin shekarun gundumarsa.

5. Noma da Kiwo

A tudu gero shi ne uban abinci, gama yakan nuna cikin kwana 90 ko kusa da haka, yana kuma jure ƙarancin ruwa. Tun da bazara ake share gona, a kai taki a kan jakuna, waɗansu su yi binne, watau su shuka a busasshiyar ƙasa suna sauraron ruwan fari. In ruwa ya sauka a fita da sungumi, maza na sara, mata da yara na zuba iri suna rufewa da ƙafa. Bayan noman farko sai maimai. Tsakanin gero akan shuka wake, inda ƙasa ta fi ƙarfi kuma a sa dawa. In an yanke gero wake ya sami sarari ya yaɗu, a ci 'ya'yansa, a ɗaure harawa domin dabbobi. A fadama shinkafa ake yi da damina, da rani kuma albasa da tafarnuwa da alkama da rake da dankali da tattasai. Da can da jigo ake ban ruwa, daga baya injin ban ruwa da 'yar rijiyar burtsatse suka karɓe aikin.

Itatuwan gona su ma dukiya ce. Gawo ya fi kowane amfani, domin da damina yake zubar da ganyensa, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su sha inuwarsa su ci 'ya'yansa. Geron da ke gindin gawo yakan fi na sauran gona kyau. Bayan shi akwai kuka da aduwa da magarya da kurna da bagaruwa, wadda majema ke jima da ita. Jar akuyar Sakkwato kuwa fatarta ta yi suna tun zamanin fataucin Sahara.

Manomi da makiyayi a wannan ƙasa tun asali abokan hulɗa ne. Bayan girbi Bafillace ya sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba shi damin gero. Da rani garke ya gangara fadama, da damina ya hau tudu ta burtali. Muddin burtali da mashaya suna buɗe, zaman lafiya yana nan. In aka nome su, fitina ta sami ƙofa.

6. Asalin Zama

Dangin Shehu Toronkawa ne, Fulanin da suka shahara da karatu. Labarinsu ya nuna kakansu Musa Jakollo ya taso daga Futa Toro, a ƙasar Sanagal ta yanzu, ya sauka Ƙonni wajen ƙarni na 15. Daga Ƙonni zuriyarsa suka yaɗu cikin ƙauyukan da ke kewaye. A ɗaya daga cikinsu, Maratta, wadda ke cikin Jamhuriyar Nijar yanzu, aka haifi Shehu a watan Safar na 1168, daidai da Disamba 1754. Yana ƙarami mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ya ƙaura da iyalinsa zuwa Ɗegel. Kalmar Fodiyo da Fulatanci malami take nufi. A Ɗegel ya rasu, kabarinsa yana can.

A lokacin nan Gobir tana kan ganiyarta. Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara wajen 1762, Gobirawa suka kafa Alkalawa a bakin Rima ta zama babban birninsu. Yaƙe-yaƙen da suka yi da Zamfara da Katsina da Kabi sun jawo wa talakawa nauyin haraji, makiyaya kuma nauyin jangali. Malamai da yawa sun zaɓi zama a ƙauyuka irin Ɗegel, su ci daga gonarsu da garkensu, su yi karatunsu nesa da ƙofar sarki.

7. Zamanin Shehu a Ɗegel

Shehu ya karanta Alkur'ani wurin mahaifinsa. Ya yi karatu wurin malamai da dama, yawancinsu danginsa, kamar Usmanu Binduri da Muhammadu Sambo da Muhammadu ɗan Raji, sa'an nan ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Wajen 1774, yana da shekara 20, ya fara wa'azi a Ɗegel, da Fulatanci da Hausa, domin manomi da makiyayi su gane. Daga nan ya riƙa fita zuwa Kabi, ya kuma yi wajen shekara biyar a Zamfara, ƙanensa Abdullahi yana tare da shi. Mata suna halartar wa'azinsa a gefe guda, har wani malami ya yi suka a kan haka, Abdullahi ya mayar masa da jawabi cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin Sallar Layya, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya roƙi abu biyar a maimakonta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar Gobir, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya amince.

Bayan 1790 Shehu ya zauna a Ɗegel sosai. A nan ya gama littafinsa Ihya'us Sunna a 1793, a shekarar nan kuma, ko kusa da ita, aka haifi 'yarsa Nana Asma'u. Ɗalibai suka yi ta zuwa daga gabas da yamma, Fulani da Hausawa da Buzaye, waɗansu su yi karatu su koma garuruwansu da izinin koyarwa, waɗansu su gina bukka su zauna. Wazirin Sakkwato Giɗaɗo ɗan Laima ya rubuta sunayen mutanen Shehu da maƙwabtansa na Ɗegel a littafinsa Raudul Jinan, shi ya sa har yau ake sanin waɗanda suka zauna a ƙauyen nan fiye da shekara 200 da suka wuce. Shi kansa Shehu an ruwaito tufkar igiya yake yi domin ya ci daga hannunsa.

8. Saɓani da Gobir da Hijira

Sa'ad da jama'a ta yi yawa, sarakunan Gobir suka fara tsorata. Bayan Bawa, Yakuba ya yi sarauta, bayansa Nafata. Nafata ya sa aka yi shela cewa kada wani ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai, wanda bai gaji Musulunci daga iyayensa ba ya koma addininsu, kada maza su naɗa rawani, kada mata su yi lulluɓi. Wannan ya warware abin da Bawa ya ɗaura a Magami. Wajen 1797 Shehu ya riga ya fara gaya wa jama'a cewa tanadin makami sunna ne.

Waɗansu almajirai suka ga zaman Gobir ya yi musu wuya. Malam Abdussalami, Ba'are, ya ƙaura da mutanensa zuwa Gimbana ta wajen Kabi. Yunfa ɗan Nafata, wanda ya hau gado wajen 1802, ya aika da rundunar da ta ci Gimbana cikin azumin 1218, watau ƙarshen 1803. Da rundunar ta biyo ta kusa da Ɗegel da kamammu a ɗaure, jama'ar Shehu suka fita suka kwance su. Yunfa ya aiko wa Shehu cewa ya fita daga Ɗegel shi da iyalinsa kaɗai, ya bar sauran. Shehu ya amsa cewa ba zai rabu da jama'arsa ba, amma zai bar masa ƙasarsa.

A watan Zulƙida na 1218, daidai da Fabrairu 1804, aka tashi. Wani Buzu mai suna Agali ya taimaka da raƙuma, aka ɗora littattafai. Aka bi ta Kalmalo, aka sauka Gudu, can yamma, kimanin mil 30 daga Ɗegel, a bakin iyakar Gobir. A Gudu jama'a suka yi wa Shehu mubaya'a ya zama Amirul Muminina. A watan Yuni 1804 suka karya rundunar Yunfa a Tabkin Kwatto.

A duba lokacin da aka yi wannan ƙaura. Fabrairu tsakiyar rani ne, abin da aka girbe yana rumbu, rumbu kuwa ba a ɗaukarsa a kai. Jama'a sun bar gonakinsu ana saura wata huɗu shuka, daminar 1804 kuma ta same su a fagen yaƙi. Yunwar da ta biyo baya ta wahalshe su ƙwarai. Bayan an yi musu ɓarna mai yawa a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, neman abinci yana cikin abin da ya kai su Zamfara a 1805. Wanda bai san lokutan noma ba, ba zai gane dalilin tafiye-tafiyen shekarun farko na jihadi ba.

9. Bayan Hijira

Shehu bai koma zama a Ɗegel ba. Ya zauna Gwandu, daga nan Sifawa, daga nan Sakkwato a 1815, inda ya rasu a Afrilu 1817. Alkalawa ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu a wurin. Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, daga baya ya mai da Wurno ribaɗinsa, a can kuma ya rasu a 1837.

Ko da yake Alkalawa ta faɗi, Gobirawa ba su ajiye makami ba. Sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, suka riƙa kawo hari cikin kwarin Rima shekara da shekaru. Saboda haka ƙasar da Ɗegel take ta zama bakin daga, zaman ƙaramin ƙauye a cikinta sai da kariyar gari mai ganuwa. Wannan ne dalilin ribaɗoɗin da aka jera a arewacin Sakkwato. Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866, a Cimmola ya zauna, a can kuma ya rasu. Ɗansa Muhammadu Maiturare, sa'ad da yake Marafa, shi ya kafa Gwadabawa wajen 1880 da 'yan kai, ya tara mutane ya zaunar da su a dazuzzukan arewa da yamma, suka sare suka noma. Daga baya ya zama Sarkin Musulmi, daga 1915 zuwa 1924. Ta haka girman yankin ya koma Cimmola da Gwadabawa, Ɗegel ta zauna a matsayinta na ƙauyen manoma da wurin ziyara.

10. Zamanin Turawa da Bayansa

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. Yarjejeniyar da suka yi da Faransa a 1898 ta ja iyaka kamar baka, mil 100 kewaye da Sakkwato. Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ta faɗa cikin hamada marar ruwa, suka nemi gyara, aka sake shiri a 1904 da 1906, aka kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Da wannan gyara Ƙonni da Maratta suka koma hannun Faransa, Ɗegel ta zauna a hannun Ingila. Mahaifar Shehu da ƙauyen da ya tashi suka rabu ƙasa biyu, amma dangantaka da auratayya da cin kasuwa ba su yanke ba.

A zamanin En'e ƙasar tana cikin Lardin Sakkwato, ƙarƙashin hakimin Gwadabawa. A 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 kuma Jihar Sakkwato, a shekarar da aka yi gyaran ƙananan hukumomi. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙon filayen karkara bisa al'ada. Duk da haka, in gardama ta tashi a kan gona, wurin mai unguwa da dagaci da hakimi ake fara zuwa, gama su suka san wanda ya gada da wanda ya ara.

Fadama ma ta sake hali. An gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, mai ɗaukar ruwa wajen mita miliyan 942 na murabba'in sukari, watau awon tsawo da faɗi da zurfi. Tun daga nan cikar gulbi ta dogara ga buɗe ƙofofin madatsa da rufe su, noman rani ya ƙaru, filin kiwon rani kuwa ya ragu. A Satumba 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar, ambaliya ta ci gonaki da gidaje a garuruwan kwarin Rima da yawa. Hakimin da ke da ƙauyuka a bakin fadama wajibi ne ya san iyakar da ruwan 2010 ya kai, ya hana gini a ƙasa da ita.

11. Aikin Hakimi da Malaminsa

An san labarin Ɗegel ne domin mutanenta sun rubuta. Abdullahi ya rubuta, Bello ya rubuta, Giɗaɗo da Nana Asma'u sun rubuta, Waziri Junaidu kuma ya tattara a zamaninsa. Maƙwabtanta da yawa da ba su sami marubuci ba, ko sunansu ya ɓace. Don haka ana so kowane hakimi ya sa malaminsa ya buɗe littafi, kowane ƙauye da shafukansa, a rubuta waɗannan abubuwa.

Na farko, wurin da ƙauyen yake, da ƙauyukan da ke iyaka da shi gabas da yamma, kudu da arewa, da alamar kowace iyaka, ko dutse ce, ko rafi, ko itace. In itace ce, a kafa wata alama mai daɗewa tun ba ta faɗi ba.

Na biyu, irin ƙasarsa, jigawa ko laka ko fako, da abin da kowace ke bayarwa, da zurfin rijiyoyi, da watan da kowane tafki ke ƙafewa.

Na uku, burtali da mashaya da makiyaya, daga ina suka taso, ina suka nufa, da faɗinsu. A auna su gaban manoma da ardo, kowa ya shaida. Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya tun 1965, amma doka ba ta tsare burtalin da babu wanda ya san gurbinsa.

Na huɗu, wanda ya kafa ƙauyen, daga ina ya zo, me ya taso shi, da jerin dagatai da shekarun kowane. A tambayi tsofaffi ɗaya ɗaya, maza da mata, kada a tara su gaban dagaci, domin ƙarami ba ya musa wa babba a bainar jama'a. In ruwaya biyu sun saɓa, a rubuta duka biyu da sunan gidan da kowace ta fito. Kada malami ya gyara labari domin ya faranta wa gidan da ke riƙe da sarauta yau.

Na biyar, kufai da tsofaffin maƙabartu da ganuwa da marina da wuraren da aka narka tama. A kewaye su da shinge ko itatuwa, a hana nome su da ɗibar ƙasa a cikinsu. Abin da garma ta tono, tukunya ko ƙarfe ko dutsen niƙa, a ajiye shi, a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Tsofaffin littattafai da wasiƙu su zauna hannun masu su, amma a roƙe su a ɗauki hotonsu, a kai wa ma'ajiyar tarihi, kamar ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna, gama gara da gobara ba su san darajar takarda ba.

A yi littafin kofi biyu, ɗaya a ofishin hakimi, ɗaya a fadar sarki, a riƙa duba shi kowace shekara bayan kaka, sa'ad da mutane suka sami sukuni. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Ga hakimi kuwa ya wuce ado, gama da shi zai raba gardama tun ba ta kai gaban alƙali ba.

12. Tambayoyi

(1) Waɗanne ƙasashe ne ke kewaye da Ɗegel a ƙarni na 18, wane amfani kuma nisanta da Alkalawa ya yi wa jama'ar Shehu?

(2) A faɗi bambancin tudu da fadama, da abin da ake shukawa a kowanne.

(3) Me ya sa manomi ba ya sare gawo?

(4) Waɗanne abubuwa biyar Shehu ya roƙa a Magami, wane sarki ne kuma ya warware su?

(5) Yaya lokacin da aka yi hijira ya shafi abincin jama'a a 1804 da 1805?

(6) Malamin hakimi ya zaɓi ƙauyen da ya fi ƙanƙanta a gundumarsa, ya rubuta labarinsa bisa abubuwa biyar da aka jera a kashi na 11, ya karanta wa tsofaffin ƙauyen su gyara masa, sa'an nan ya miƙa wa hakimi ya sa hannu.